Ɗinkin kayan tafiya tsibiri mai zafi: wane yadi, wane yanka, guda nawa?

Tambaya: "Anti, barka da aiki. Nan da mako shida zan yi tafiyar kwana goma zuwa wani tsibiri a yankin zafi. Ina da keke a gida, kuma na iya ɗinki daidai gwargwado, riga da siket da wando mai roba ba sa ba ni wuya. So nake in ɗinka kayan tafiyar da hannuna. Wane yadi zan saya, wane irin ɗinki zan yi, kuma guda nawa? Ni dai na saba da zafi, ina ganin irin kayan da nake sawa lokacin zafi ma za su yi, ƙari kawai nake nema."

Barka kadai, ƙanwata. Mako shida ya isa har da rara, in dai ba ki tsaya ruwan ido ba. Amma bari in fara da maganarki ta ƙarshe, wato kin saba da zafi, don a nan ne masu ɗinka kayan irin wannan tafiya suka fi zamewa.

Zafi iri biyu ne. Akwai busasshe, wanda gumi ke fitowa iska ta lashe shi nan take, har ki ga farin gishiri a bayan riga ba ki san lokacin da kika jiƙe ba. Bushewar gumin nan ita ce ke sanyaya jiki, ba fitowarsa ba. A tsibiri abin ya sha bamban. Ma'aunin zafi ba kasafai yake wuce digiri 32 ba, wanda a takarda ba wani abin tsoro ba ne, amma laimar da ke cikin iska takan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, wani lokaci ta haura. Iskar ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, ba ta da wurin ɗaukar naki. Sai gumin ya tsaya a fata, ya gangara, riga ta manne a baya, ƙurajen zafi su biyo. Abin da ke ceton mutum a can shi ne iskar da ke kaɗawa daga teku, muddin tufafin da ya sa sun bar ta ta iso fata. Saboda haka duk shawarar da zan ba ki, daga yadi har zuwa irin zif, a kan abu ɗaya take tafiya: iska ta shiga, ta zaga jiki, ta fita, kuma abin da ya jiƙe ya bushe da wuri.

Ni ma sai da na sha kafin na gane. Karon farko da na yi irin wannan tafiya, na ɗinka wa kaina doguwar riga da auduga mai kyau, na zauna na yi mata shafi mai santsi don ta zauna ɗas a jiki, na manna gam a wuya da ƙirji. A madubi ba ta da makusa. Awa ɗaya na yi da ita a waje na komo na tuɓe, ba ta ƙara fitowa daga akwati ba har na dawo. Audugar ba ta yi laifin komai ba, shafin foliyesta da na sa mata ne ya mayar da ita leda.

To, yadi. Abu biyu za ki duba, kuma mutane sukan duba ɗaya su manta ɗaya: da me aka yi zaren, sannan yaya aka saƙa shi.

Ta fuskar zare, masana saƙa suna da awon yawan laimar da busasshen zare ke sha daga iska. Auduga tana shan kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, lilin kusan 12, biskos tsakanin 11 da 13, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Ma'anarsa a jiki ita ce lilin da auduga da biskos suna karɓar gumi daga fata, foliyesta kuwa yana barin shi nan tsakaninsa da ke. In kin ce in zaɓar miki guda ɗaya, lilin zan ce, ba tare da na yi dogon tunani ba. Zarensa yana da ɗan tauri, don haka ba ya kwanciya a jiki, yana tsayawa ne ya bar rata tsakaninsa da fata, kuma ya fi auduga saurin bushewa. Aibinsa kowa ya sani, yamutsewa. Ki zauna minti goma, cinya da gwiwar hannu sun yi layi-layi. Ra'ayina a kan wannan ya daɗe da tsayawa: ki bar shi ya yamutse. A bakin teku ba wanda zai dube ki don rigar lilin ta yi ƙunci, haka kowa yake. In ranki ba zai iya ba, ki nemi wanda aka gauraya lilin da auduga, ko lilin da biskos, yamutsewarsa da sauƙi kuma bai rasa sanyinsa ba.

Auduga kuma ba a yi mata kuɗin goro. Boyel da sauran siraran yadukan auduga masu saƙar tsaye da kwance, su ne abin nema. Tishat mai kauri kuwa, duk da auduga ce zalla, tana daga cikin mafi munin abin da za ki sa, domin tana shan gumi ta riƙe shi kamar soso, ta yi nauyi, ta manne, ki shanya ta da dare gari ya waye ba ta bushe ba. Akwai wani yadin auduga da ake kira siyasoka, mai layi-layi, layi ɗaya sumul ɗaya a tattare. Sunan daga Farisanci ya fito, ma'anarsa madara da sukari. Tattarar a saƙa take, ba guga ce ta yi ta ba, shi ya sa wanki ba ya ɓata ta, ba ya son guga, kuma rabin yadin ne kawai ke taɓa fata. In kin same shi kada ki bari. Atamfa ta auduga zalla tana yi wa siket da zane, amma sai kin wanke ta sau biyu ko uku ta saki taurinta, kuma ki tabbata auduga ce, don da yawa daga masu kama da ita gauraye suke da foliyesta. Shadda mai sitati da ƙyalli ki ajiye ta a gida, saƙarta a matse take, ƙyallin kuma ba ya jimirin gumi da laima.

Biskos, wanda wasu ke kira reyon, daga naman itace da aka niƙa aka narkar ake yin sa, kuma tun 1892 aka yi rajistar hanyar yin sa a Ingila. Ba yadin da ya kai shi zubowa da sanyin taɓi, doguwar riga da shi sai ka ce ruwa. Sai dai yana da halinsa. In ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai, saɓanin auduga da lilin da ruwa ke ƙara musu ƙarfi, don haka ba a murɗa shi wurin matsa, ba a kuma yi masa matsattsen ɗinki, in ba haka ba zai ɓalle a bakin ɗinki. Yana kuma tsukewa a wanki fiye da yadda ake zato. Ɗan'uwansa da ake sayarwa da sunan Tencel ya fi shi ƙarfi a jiƙe, amma yakan nuna tabon gumi a fili in launin bai da zane. Siliki zan ce ki haƙura da shi a wannan tafiya, rana da gumi suna raunana shi, tabo kuma ba ya ɓuya a jikinsa.

Ta fuskar saƙa da nauyi, in mai yadi ya san nauyin kayansa, da giram ake faɗa a kan kowace murabba'in mita. Na riga da mayafi, tsakanin 70 da 130. Na wando da siket, 150 zuwa 200, don kada ya nuna jiki. Abin da ya haura haka ya yi wa tsibiri nauyi. Amma yawanci ba wanda zai gaya miki lamba, hannunki da idonki za su yi aikin. Ki ɗaga yadin ki dubi haske ta cikinsa, ki ga ko akwai 'yan ƙofofi tsakanin zare da zare. Ki kara shi a baki ki hura, tafin hannunki yana ɗaya gefen: in ba ki ji iskar ba, iskar teku ma ba za ta ratsa ba. Ki dunƙule gefe ɗaya a hannu ki ƙirga goma ki saki, ki ga yamutsewar da za ki zauna da ita. Ki ɗiga masa ruwa: yadin kirki yana shanyewa nan da nan ya baza, na roba kuwa ɗigon zai tsaya a kai yana ƙyalli. In har yanzu kina shakka, ki nemi ɗan ƙyalle ki ƙona bakinsa a kan faranti, da ruwa kusa da ke. Auduga da lilin da biskos suna ci da warin takarda su bar toka mai laushi. Foliyesta yana narkewa ne, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri. In kin ga toka da ɗan ƙwallo tare, gauraye ne. Rubutun da ke jikin bandir yakan yi ƙarya, wuta ba ta yi.

Yanzu ga inda shawarar ke cin karo da kanta, kuma gara in faɗa miki. Yadin da iska ke ratsawa, rana ma tana ratsa shi. Tsakanin layukan nan biyu da suke digiri 23 da rabi arewa da kudu da tsakiyar duniya, rana a tsaye take sauka, ma'aunin haskenta mai ƙona fata yakan kai 11 ya wuce, ga ruwa da farin yashi suna mayar da shi daga ƙasa. Akwai awon kariyar tufafi da ake kira UPF, wanda Ostareliya da Niyu Zilan suka kafa ƙa'idarsa a 1996. Yadi mai UPF 50 kashi 2 cikin ɗari kawai na wannan haske yake bari ya wuce. Farar tishat ta auduga ba ta wuce 5 zuwa 7, in ta jiƙe kuma ta ƙara faɗuwa. Boyel fari shara-shara ya fi haka rauni. Kada kuma ki ce fatarki ba ta ƙonewa, yini guda a kwale-kwale zai canza miki ra'ayi. Mafita ita ce ki raba aiki. Kayan yawo a inuwa da na yamma su zama marasa nauyi yadda kike so. Amma ki ɗinka riga ɗaya mai dogon hannu, mai rufe ƙeya, da yadi mai matsattsiyar saƙa da launi mai ɗan duhu, ki yanka ta da faɗi sosai. Sanyinta daga faɗin zai zo, ba daga ƙofofin saƙa ba. Wannan ce rigar tsakar rana.

Batun launi ma ba yadda ake ɗauka yake ba. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike kan dalilin da ya sa Larabawan hamada ke sa baƙaƙen riguna. An gano baƙar riga ta fi fara shan zafin rana, amma zafin da ke isa jikin mai ita kusan ɗaya ne, saboda rigar tana da faɗi, iska tana hawa ta cikinta ta kwashe zafin kafin ya taɓa fata. Wato yanka ya rinjayi launi. Duk da haka ba zan ce ki cika akwati da baƙi ba, saboda sauro. Sauron Edis, mai yaɗa zazzaɓin dengi da cikungunya da Zika, da rana yake cizo, musamman da safe da la'asar, yana son launi mai duhu, kuma bakinsa yana huda yadi in ya manne da fata. Faffaɗan wando mai haske ya fi matsattsen wando kare ki nesa ba kusa ba. Abu biyu kuma game da tabo. Launin toka da shuɗi mai haske da ba su da zane su ne suka fi tona asirin gumi, yadi mai zane-zane kuwa yana rufa shi. Sannan man kariyar rana mai sinadarin abobenzon yakan bar tabo kamar tsatsa a wuyan farar riga in ya haɗu da ruwa mai ƙarfe, maganin sauro mai DEET kuma yana lalata biskos da yadi mai roba, amma ba ya taɓa auduga.

Kin sayo yadi? Kada almakashi ya taɓa shi sai kin wanke. Ki bi bakin da aka yanka da zigizag don kada ya warware, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shanya, ki goge da ɗan danshinsa. Lilin da biskos sau biyu nake musu. Kafin wankin ki yi alama biyu da zare, tazarar santimita 50, bayan ya bushe ki sake aunawa, za ki ga da idonki abin da ya tafi. Saboda wannan tsukewa nake ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan abin da lissafi ya ba ni. A wankin farko ki jefa farin ƙyalle ciki: in ya fito da launi, yadin mai zuba ne, kuma yadin da ya zuba a bokiti zai zuba a jikinki in kin yi gumi.

Sai yanka, wanda a wurina shi ne rabin aikin. Rigar da ba ta miƙewa tana bukatar ƙarin aƙalla santimita 5 a ƙirji kafin mutum ya iya numfashi a cikinta. Wannan na zaman ɗaki mai sanyi ne. Na tsibiri ki ba da 12 zuwa 20 a ƙirji da ƙugu, kuma kada ki ji tsoron za ta yi miki kamar buhu. Abin da ke sa faffaɗar riga ta yi kyau shi ne kafaɗa ta zauna daidai, wuya ya kwanta, tsawo ya tsaya inda ya dace. In waɗannan uku sun daidaita, sauran ki bar shi ya zubo. Hammata ki sauke ta santimita 2 ko 3 ƙasa da yadda kika saba, nan ne gumi ya fi taruwa kuma nan ne ɗinki ya fi goga. Mafi sauƙi ma ki yanka hannu haɗe da jikin riga, babu ɗinkin zagaye a hammata gaba ɗaya. Bakin hannu ki bar shi a buɗe. Ki yi tsaga a gefen riga da gefen siket. Iska tana bukatar ƙofar shiga ta ƙasa da ta fita ta wuya, in kin ɗaure tsakiya da matsattsen ƙugu kin toshe hanyar. Shi ya sa doguwar riga mai saukowa daga kafaɗa ta fi riga da siket sanyi, ko da yadinsu ɗaya.

A wando da siket, ni ƙubaka da mazagi na fi so a kan roba zalla, ko kuma roba a baya, mazagi a gaba. Roba mai faɗi tana riƙe gumi a ƙugu, nan ƙuraje ke fara fitowa. Kuma jiki yakan ɗan kumbura a doguwar tafiyar jirgi da cikin zafi, wandon da ya yi miki daidai a gida zai iya matse ki a can, mazagi kuwa sassautawa kawai za ki yi. Ki ƙara wa wando zurfin zama, ki faɗaɗa ƙafa, amma tsawonsa ya tsaya a idon sawu, don kada ya sha jiƙaƙƙen yashi. Iskar teku kuma ba ta da kunya: siket mai naɗewa ki ba shi haɗuwa mai yawa, gaba ɗaya ya hau kan gaba ɗaya, ki sa igiya ta ciki. Aljihu ki yi, mai zurfi, da boyel mara nauyi, ɗaya daga ciki da zif.

Cikin riga ya fi bayanta muhimmanci a wannan ɗinki, don fatar da ta jiƙe ba ta jimirin abin da busasshiya ke jimiri. Bakin da aka bi da keken obalok, wanda ba kya ko jin sa a ranar sanyi, zai riƙa kartar ki a hammata da cinya. Ga sirarun yaduka ki yi ɗinkin Faransa, mai ɓoye bakin yadi a cikinsa. In kin bar santimita ɗaya da rabi na ɗinki, ki haɗa yadin baya da baya, fuska a waje, ki ɗinka a milimita 6, ki rage bakin ya koma 3, ki goge, ki juya fuska da fuska, ki sake ɗinkawa a milimita 8 ko 9. Bakin ya shige ciki ke nan, ba abin da zai warware, ba abin da zai karce ki. Ga lilin na wando ki yi kwantaccen ɗinki irin na gefen jins, a naɗe baki ɗaya a kan ɗaya a bi shi da layi na biyu. Lilin yana warwarewa da sauri, in kin bar bakinsa haka nan wanki uku ya isa ya ci ɗinkin.

Shafi kuwa, in da hali kada ki sa. In yadin yana nuna jiki, ki ɗinka 'yar shimi daban da boyel na auduga, launin da ya yi kusa da fatarki, ba fari ba, don fari a ƙarƙashin fari yana fitowa fili. Shimi ɗaya za ta yi wa riga uku aiki, kuma kowanne zai bushe da kansa da sauri fiye da riga mai ruɓi biyu. Wuya da hammata ki naɗe su da siririn bayas da kika yanka a karkace daga ragowar yadin, maimakon faffaɗan ƙyallen ciki mai gam. Gam manne ne, inda ya zauna iska ba ta wucewa, kuma da zafi da yawan wanki yakan saki ya yi kumfa-kumfa. Inda dole sai an ƙarfafa, kamar wurin maɓalli, ki sa ƙarin falle ɗaya na boyel ki ɗinke. Zif na ƙarfe da maɗaurin ƙarfe ki guje su, iskar gishiri tana sa su tsatsa su ɓata yadi, kuma ƙarfe yana ɗaukar zafi a rana. Zif na roba, ko maɓalli, ko ma ki yi wuyan da kai zai shiga ba tare da ko ɗaya ba.

A keke, ki sa sabuwar allura. Lamba 70/10 ga boyel da biskos, 80/12 ga lilin. Tsawon ɗinki milimita 2 zuwa 2 da rabi. In siririn yadi yana tattarewa, ki sassauta zaren sama kaɗan, in kuma keke yana haɗiye shi a farkon layi, ki shimfiɗa 'yar takarda mara kauri a ƙasa ki ɗinka tare, daga baya ki yage. Biskos yana gudu a kan tebur, ki yanka shi falle ɗaya, kada ki bar gefensa yana reto. Da zarar kin yanka wuya, ki bi shi da layin ɗinki ɗaya kafin komai, in ba haka ba zai miƙe ya yi baki. Duk rigar da ke da faɗin ƙasa ko aka yanka ta a karkace, ki rataye ta kwana ɗaya kafin kalmasa, ta gama saukowar da za ta yi, sannan ki daidaita ki kalmashe siriri.

Guda nawa? Ƙasa da abin da ranki ke raya miki. Kwana goma, ni abin da zan ɗinka shi ne dogayen riguna biyu, wando biyu ko wando da siket, riguna uku na sama, rigar rana mai dogon hannu da na ambata, shimi ɗaya, da babban ƙyalle mai tsawon mita biyu da aka kalmashe gefensa kawai. Wannan ƙyalle kada ki raina shi, zai zama zane a kan kayan wanka, mayafi, abin shimfiɗa, abin rufa a jirgi da ɗakunan da na'urar sanyi ta yi yawa, kuma akwai wuraren ibada da garuruwa a tsibirai irin su Bali da Zanzibar da ake so baƙo ya rufe kafaɗa da gwiwa. Ki tsaya kan launi biyu ko uku da suke shiri, yadda kowace riga za ta hau kowane wando. Uku sau biyu shida, ga dogayen riguna biyu, kin sami shiga takwas, da wanki ɗaya ko biyu a tsakani kin wuce kwana goma. Nauyi ma zai ba ki mamaki: mita uku na yadi mai faɗin santimita 150 da nauyin giram 100 bai wuce giram 450 ba tun kafin a yanka, wandon jins ɗaya ya fi shi. Wannan yana da amfani, domin manyan jirage da yawa suna ba da kilo 23, amma ƙananan da ke tsallakawa da mutane tsibiri sukan tsaya a 15 ko 20.

Kayan wanka a teku, in ba ki taɓa ɗinka yadi mai miƙewa ba, ki saya kawai, kada ki koya a kan lokacin tafiya. Aiki ne daban: yadin nailan da Lycra, allurar yadi mai miƙewa lamba 75/11, zigizag, robar da ruwan gishiri ba ya ci, kuma ana yanka shi ƙasa da awon jiki ne, akasin duk abin da na faɗa a sama. In mai rufe jiki kike so, kada ki yi shi da auduga ko faffaɗan yadi, yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa, haɗari ne a cikin teku.

Kafin ki sayi komai ki duba abu biyu game da tsibirin. Na farko wata. Tsibiran kudu irin su Morishiyos da Fiji, zafinsu da ruwansu daga Nuwamba zuwa Afrilu ne, a Yuni da Yuli dare yakan yi sanyi har ki nemi abin ɗorawa. A Karibiyan kuwa lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ruwa yana iya kama ki kowane lokaci, saurin bushewa ya ƙara zama dole. Na biyu doka. Yadi mai zanen kakin soja haramun ne ga farar hula a Barbados da Jamaika da Tirinidad da wasu maƙwabtansu, ana iya ƙwace shi, ko na yaro ne.

Ga yadda zan raba makonnin. Na farko saye da wanki. Na biyu ki ɗinka riga ɗaya da wando ɗaya da yadin da ba kya jin asararsa, ki sa su yini guda a ranar da ta fi zafi, ki yi aiki, ki zauna, ki ɗaga hannu, ki hau mataki. In garinku busasshe ne, ki shiga banɗaki da su bayan an yi wanka da ruwan zafi, ki tsaya minti goma cikin tururin, za ki ji inda ke mannewa da inda ke karta. Ki gyara samfurin, sannan ki yanka yadin gaske, ki maimaita samfuri ɗaya sau biyu ko uku da ɗan canjin wuya ko tsawo. Ba wanda zai gane, kuma na uku zai ɗauke ki rabin lokacin na farko. Makon ƙarshe kada ki fara sabon abu, sauri ya haifi nawa. Ki wanke duka da hannu a bokiti da dare, ki naɗe kowanne cikin tawul ki taka, ki rataye a ɗaki ba a rana ba. Wanda gari ya waye bai bushe ba, a can ma ba zai bushe ba, kuma auduga mai danshi in ta kwana biyu a akwati fumfuna za ta yi. Shi ki bar shi a gida. Sauran ki naɗe su kamar tabarma maimakon ninkewa, ki sa allura ɗaya da zaren kowane launi da maɓalli biyu a ƙaramin aljihun akwati, almakashi kuma a akwatin da za a auna, ba a jakar hannu ba.